Yadda Ake Canza Famfon Fetur na Jikin Inji a Tsofaffin Motocin Shiga Daji

Duk wanda ya jawo tsohuwar motar shiga daji da ta shekara goma ko ashirin a ajiye, da niyyar ya tashe ta ta koma kan ƙafafunta, ba zai daɗe yana aiki ba sai ya iso kan wani ɗan ƙaramin famfo da ke maƙale a gefen inji da noti biyu kacal. Shi ne yake zuƙo fetur daga tanki ya miƙa wa kafireta, kuma ba da wuta yake aiki ba, injin ne da kansa yake motsa shi. Irinsa ake samu a Land Rover mai injin lita 2.25, tun daga Series II ta 1958 har zuwa Series III da aka daina ƙerawa a 1985, da Toyota Land Cruiser FJ40 wadda aka yi daga 1960 zuwa 1984, da Jeep ta Willys ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da zuriyarta masu suna CJ. Canza shi aiki ne na awa ɗaya ko biyu ga wanda ya san hanya, amma kuma aiki ne da ake yawan maimaitawa sau biyu ko uku, domin sau da yawa ana cire famfo mai lafiya a bar ainihin cutar a tanki, ko kuma a ɗaura sabo a karkace ya lalace kafin motar ta fita daga gareji.

Abin da ke cikin famfon

Kafin a ɗauki sifana ya kamata a fahimci yadda abin yake aiki, domin kusan kowane mataki na gaba a kan wannan fahimta ya dogara. A jikin kamshaf, wato sandar da ke juyawa cikin inji tana buɗe bawuloli, akwai wani tozo wanda ba a tsakiya yake ba, kuma famfon yana da hannu na ƙarfe da ke leƙawa cikin inji ya kwanta a kan tozon nan. Idan tozon ya juyo ya tura hannun, hannun sai ya ja wani faifan roba da ke cikin famfon zuwa ƙasa, fetur ya shigo ta bawul ɗin shiga. Idan tozon ya wuce, wani sifirin da ke ƙarƙashin faifan sai ya mayar da shi sama, fetur ya fita ta bawul ɗin fita zuwa kafireta. Kamshaf yana juyawa sau ɗaya ne a duk juyi biyu na karanshaf, wato babbar sandar da fistin suke juyawa, saboda haka famfon yana bugu ɗaya a duk juyi biyu na inji.

A lura da wannan sosai: injin ja kawai yake yi, sifirin ne yake turawa. Ke nan ƙarfin turin fetur ba daga gudun inji yake zuwa ba, daga taurin sifirin yake zuwa, kuma idan kafireta ta cika, allurar fulot, wato ɗan bawul ɗin da ke rufe mashigar fetur a kafireta, ta toshe hanya, faifan yakan tsaya a ƙasa hannun ya riƙa kai da komo ba tare da ya turo kome ba. Turin nan kaɗan ne ƙwarai, galibi tsakanin psi 2 zuwa 6 (psi ma'aunin ƙarfin turi ne) gwargwadon kafiretar da ke kan motar, alhali motocin zamani masu injekta suna aiki da kusan psi 40 ko fiye. Wannan ne dalilin da ya sa famfon da ya yi kama da na asali a ido zai iya cika kafireta har ta yi ambaliya, idan sifirin da ke cikinsa na wata mota ne.

A tabbatar famfon ne ya mutu

Alamomin mutuwar famfo sanannu ne. Mota tana tashi ta yi silo lafiya, amma da an hau tudu ko an taka mai sosai sai ta fara shaƙewa. Ko ta ƙi tashi sam bayan ta kwana biyu a ajiye. Ko a ga fetur yana tsattsafowa ta ɗan ramin da ke ƙasan famfon, wanda aka huda musamman domin ya tona asirin faifan da ya tsage. Mafi muni a cikinsu ita ce wadda ba a gani daga waje, wato fetur ya riƙa zurarewa ta hanyar hannun famfo zuwa cikin baƙin mai. A zaro sandar awon baƙin mai a shinshina. Idan ana jin warin fetur, ko man ya tsinke kamar ruwa, ko ya haura alamar cika alhali ba wanda ya ƙara, to kada a sake tayar da injin sai an gyara, domin man da ya gauraya da fetur ba ya kare metal, wato ƙarafan da karanshaf yake juyawa a kansu.

Sai dai alamomin shaƙewa da ƙin tashi ba na famfo kaɗai ba ne, kuma a motar da ta daɗe a ajiye na fi zargin tanki da bututu fiye da famfo. Gwajin farko shi ne a kwance bututun fetur a bakin kafireta, a zura shi cikin kwalba, a cire ƙaramar wayar da ke kai wuta koyil domin kada tartsatsi ya tashi, sannan wani ya buga sitata na daƙiƙa goma. Famfo mai lafiya yana feso fetur da ƙarfi, bugu bayan bugu a jere. Idan ɗigowa kawai yake yi, har yanzu bai isa a yanke masa hukunci ba. A kwance bututun da ke shigo masa daga tanki, a sa ɗan gajeren tiyo daga bakin shigarsa zuwa cikin ƙaramar jarka mai tsabtataccen fetur, a sake bugawa. Idan yanzu ya feso da ƙarfi, famfon ba shi da laifi, matsalar tana baya: ko tsatsa ta toshe bututun da ke cikin tanki, ko tiyo ya tsage yana zuƙar iska, ko kuwa ramin numfashin murfin tanki ya toshe. Wannan na ƙarshe yana da sauƙin ganewa, domin idan mota ta mutu a hanya aka buɗe murfin aka ji iska ta ruga ciki, an kama mai laifi.

Wanda yake da agogon awon turi sai ya haɗa shi tsakanin famfo da kafireta ya karanta a silo, ya gwada da adadin da littafin gyaran motar ya bayar. A famfon da ke da kofin gilashi, irin na kamfanin AC da ke kan Land Rover, a duba zoben da kofin yake zaune a kai tun kafin a yi nisa. Zoben nan idan ya bushe iska yake shigarwa, kuma famfon da ke zuƙar iska ba ya zuƙar fetur. An sha zubar da famfo mai rai saboda wannan ɗan zobe.

Sabo ko gyaran tsohon

Tsofaffin famfuna iri biyu ne. Akwai wanda samansa da ƙasansa suke haɗe da sukurori biyar ko shida, wanda ake iya buɗewa a canza faifai da bawuloli, akwai kuma wanda aka naɗe bakinsa a masana'anta, wanda ba ya buɗuwa sai dai a sauya shi ɗungurungum. Ga mai son motarsa ta kasance yadda ta fito, ina ganin gyaran famfon asali da sababbin kayan ciki ya fi sayen sabon kwaikwayo, matuƙar hannunsa bai cinye ba kuma sandar da hannun ke lilo a kanta ba ta yi sako-sako ba, domin tsawon hannunsa da lanƙwasarsa daidai suke da injin, babu tababa. Idan za a buɗe shi, a ja layi da ƙusa a gefen ɓangarorin biyu kafin a kwance, saboda bakin shiga da na fita su koma inda suke.

Ko sabo za a saya ko kayan gyara, a nemi wanda robarsa take jure fetur mai gauraye da ethanol, wato sinadarin barasa da ake haɗawa da fetur. Fetur ɗin da ake kira E10, mai ethanol har kashi 10 cikin 100, ya daɗe da zama gama-gari a Amurka, kuma Birtaniya ta mayar da shi fetur na yau da kullum a watan Satumba na 2021. Robar da aka yi shekara hamsin da suka wuce ba a yi ta da tunanin wannan ba, takan kumbura ko ta tsage. Saboda haka famfon da ya shekara arba'in a cikin kwalinsa ba a taɓa ɗaura shi ba yana iya zama kyakkyawa a ido, amma faifansa sai an canza.

A yi sayayya da lambar inji, ba da shekarar da ke kan takardar mota ba. Ba duka motocin nan ne suka kai waɗannan shekaru da injin da suka fito da shi ba. Land Cruiser ta bar injin F mai lita 3.9 ta koma 2F mai lita 4.2 a 1975, kuma famfunan baya-bayan nan na 2F suna da baki uku, na ukun yana mayar da rarar fetur tanki. Wasu tsofaffin Jeep kuma famfonsu hawa biyu ne, ɗaya na fetur, ɗaya na zuƙar iskar da ke motsa waifa. Tare da famfon a tanadi gasket sababbi, da tiyon fetur na ainihi mai lamba SAE J30R7 ko J30R9 a jikinsa, wanda na biyun ya fi jure ethanol, da kilif-kilif, da filta, da giris kaɗan.

Shiri kafin kwancewa

A yi aikin a wuri mai iska, inji a sanyaye, a kan ƙasa mai daidaito, an ja birkin hannu an kuma tokare taya. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa ya bi ramuka, don haka ramin gareji ba wurin wannan aiki ba ne, kuma fitilar hannu mai ƙwan da ke zafi ba ta da gurbi a nan. Tukunyar kashe gobara irin wadda take kashe wutar mai ta kasance inda hannu zai kai. A cire kan batir na ƙasa, wato wanda yake haɗe da jikin mota, kuma a duba kafin a cire, domin Land Rover da aka yi kafin 1967 kan da ke da alamar tarawa ne yake zuwa jiki, saɓanin abin da aka saba gani yau.

A wanke kewayen famfon da burushi da kananzir har ƙarfe ya fito, saboda da zarar an cire shi ƙofa ce ta buɗe kai tsaye zuwa cikin inji, kuma duk yashin da ya faɗa ciki baƙin mai zai kai shi ga metal. A ɗauki hoto ta fuska biyu ko uku. A buɗe murfin tanki a saki iskar da ta taru, a mayar. A yawancin motocin nan tankin yana ƙarƙashin kujera, kuma idan ya cika fetur zai iya bin bututu ya yi ta zuba da kansa da zarar an kwance, saboda haka a matse tiyon da ke shigowa da filaya mai kulle da aka naɗe bakinta da tsumma, ko a tanadi noti mai kaurin tiyon da za a cusa a bakinsa.

Batun sifana ma yana da nasa tarko. Toyota da milimita take, Jeep da inci, Land Rover kuwa a tsawon rayuwarta ta haɗa tsohon awon Ingila da inci, daga baya kuma milimita. Sifanar da ta kusa daidai ita take cinye kan noti. Ga notin bututun ƙarfe a yi amfani da sifana mai zobe wadda aka tsaga bakinta domin bututu ya shige, a kuma riƙe notin da ke jikin famfo da wata sifanar, don kada bututun ya murɗe. Idan sun ƙi motsi, a fesa musu man kwance tsatsa a bar su su kwana. Wuta dai ba a kusantar da ita nan ko da wasa.

Kwance tsohon

A fara da bututun shiga, a toshe shi, sannan na fita, ana tara abin da ya zubo a kwano. Daga nan a sassauta notuna biyu na jikin inji, kowanne juyi biyu ko uku, kada a cire su gaba ɗaya tukuna. A nan ne ake yin dabarar da ke sauƙaƙa dukan sauran aikin. A sa giya a firi, a ɗora sifana a kan notin fulin karanshaf, ko a yi amfani da hannun tayar da inji idan motar tana da shi, a riƙa juya injin sannu a hankali ta inda ya saba juyawa, ɗaya hannun yana dafe da famfon. Za a ji famfon yana turowa waje ya yi tauri, sannan ya saki ya yi laƙwas. Inda ya fi sakin jiki, nan ne tozon kamshaf ya juya baya, kuma nan ake so a tsaya. Daga wannan lokaci kada a sake taɓa injin har sai sabon famfo ya zauna.

Yanzu a ƙarasa cire notunan a zaro famfon a hankali, ana lura da yadda hannunsa ya fito, ko ta saman kamshaf yake kwance ko ta gefe ko ta ƙasa. A ƙirga abin da ke tsakanin famfo da inji. Wani gasket ɗaya ne, wani kuma akwai wani faranti mai kauri na hana zafi tsakanin gasket biyu, kuma farantin nan ba ado ba ne, domin kaurinsa yana cikin lissafin nisan da hannu zai yi tafiya. Idan aka jefar da shi, hannun zai nutse fiye da kima, turi ya ƙaru, faifai ya wahala, wani lokaci ma hannun ya karye ko ya ci tozon kamshaf. Idan kuma aka ƙara shi a inda ba ya, famfon ba zai yi cikakken bugu ba.

Wasu injuna ba hannun famfo ne yake taɓa kamshaf kai tsaye ba, akwai wata sandar ƙarfe a tsakani. Sananne a nan shi ne ƙaramin V8 na Chevrolet, wanda aka dasa a cikin Jeep da Land Cruiser masu yawa. Sandar takan zamo ƙasa da zarar an cire famfo ta tare hanyar sabon hannu. A zaro ta, a mirgina ta a kan gilashi a ga ko ta lanƙwashe, a duba bakunanta, sannan a shafe ta da giris mai kauri a tura ta sama. Giris ɗin zai riƙe ta na ɗan lokacin da ake bukata.

Da famfon a hannu, a haska tocila cikin ramin a dubi tozon. Ya kamata ya zama sumul yana sheƙi. Idan an ga kwari ko zane mai zurfi a kansa, sabon famfo ba zai warkar da motar ba, kuma zaɓin da ya rage shi ne canza kamshaf ko toshe ramin da faranti a koma famfon lantarki.

Gwada sabo da tsoho

Wannan mataki minti biyar ne, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. A kwantar da famfunan biyu a kan tebur fuska da fuska, ramukan noti a saitin juna. A dubi tsawon hannu, da lanƙwasarsa, da inda tabon gogayya yake a tsohon, a tabbata wurin ya faɗa daidai kan sabon. Bambancin milimita kaɗan a nan yana nufin famfon na wani inji ne, ko da kuwa kwalinsa ya rantse da sunan motar. A dubi bakin shiga da na fita, ta ina suka fuskanta kuma wane irin zare gare su. Sannan a toshe bakin shiga da yatsa a danna hannun sau biyu ko uku, za a ji yana tsotsar fata. A toshe na fita, za a ji yana turo iska kuma ya riƙe ta na ɗan lokaci. Wanda bai yi haka ba a mayar wa mai shi tun bai taɓa fetur ba.

A kankare ragowar tsohon gasket daga jikin inji bayan an cusa tsumma mai tsabta a ramin, a goge wurin ya bushe, a kuma tuna a zare tsumman. Idan tsohon famfon za a mayar, a ɗora fuskarsa a kan gilashi a ga ko ta lanƙwashe saboda ɗaurin ganganci na shekarun baya. Ana iya daidaita ta da samfefa mai laushi da aka shimfiɗa a kan gilashin.

Ɗaura sabon

A shafa giris ko baƙin mai a inda hannu zai gogi tozo, domin bugun farko a bushe yana barin tabo. A shafa wa gasket ɗan gam na gasket siriri kamar fatar albasa, ba lafta shi ake yi ba, don rarar da ta matso ciki takan gutsure ta bi baƙin mai. A jera gasket da faranti yadda aka same su.

A zura hannun cikin ramin ta kusurwar da tsohon ya fito, a ɗan karkata famfon har a ji hannun ya hau kan tozon ta fuskar da ta dace. Idan ya hau daidai kuma tozon yana baya, famfon zai matso kusa da jikin inji da ƙarfin hannu kawai, sai ɗan turin sifirin da za a ji. Idan ya tsaya da tazara mai yawa kuma ya yi tauri kamar dutse, ko kuma ya shige sakayau babu turin kome, hannun ya kauce ya bi ta bayan kamshaf. A zaro a sake. Kuskuren da ya fi kowane tsada a wannan aiki shi ne a ce noti zai jawo shi ya zauna. Noti zai jawo shi kam, amma sai ya lanƙwasa hannu ko ya fasa kunnen famfo, wanda da ma ƙarfe ne mai taushi.

A kama notuna biyu da yatsu, kowanne ya shiga zare uku ko huɗu, sannan a riƙa ɗaure su bi da bi, kaɗan a nan kaɗan a can, domin famfon ya zauna a miƙe. Kafin a ƙarasa ɗaurewa, a kama notin bututun ƙarfe na fita da yatsu tun famfon yana ɗan motsi, saboda ya fi sauƙi famfo ya bi bututu da a tilasta wa bututu ya bi famfo, kuma zaren da aka fara da sifana a karkace ba ya gyaruwa. Sai a ƙarasa notunan jiki da ƙarfin da littafin motar ya faɗa. Notin bututu mai bakin ƙaho ba ya bukatar farin zaren da masu gyaran famfon ruwa suke naɗawa, domin ƙahon ne yake toshewa ba zaren noti ba, kuma guntun farin zaren nan idan ya tsinke a allurar kafireta yake maƙalewa.

A canza dukan tiyon roba daga tanki zuwa kafireta a wannan zama, ba wanda ya tsage kaɗai ba. A sa filta tsakanin tanki da famfo idan tankin tsoho ne, kibiyar jikinta tana kallon famfo, domin ƙwayar tsatsa ɗaya ta isa ta hana bawul rufewa. Tun da motar daji za ta shiga, a bi bututun a ɗaure shi a jikin shasi inda ba zai gogi ƙarfe ba, inda reshe ko dutse ba zai fizge shi ba, kuma nesa da salansa. A bar ɗan lanƙwasa a tiyon da ke tsallakawa daga shasi zuwa inji, saboda inji yana girgiza a kan kujerunsa, musamman a ƙaramar giya a kan duwatsu.

Jawo fetur da tayarwa

A saki tiyon da aka matse, a mayar da kan batir. Idan famfon yana da ɗan hannun bugawa a waje, kamar na Land Rover, a yi ta buga shi har kofin gilashi ya cika kuma hannun ya daina jin nauyi, alamar kafireta ta ƙoshi. Idan hannun ya zama sakayau tun farko ba ya jawo kome, ba lalacewa ya yi ba, tozon ne ya riga ya danne faifan, sai a juya karanshaf juyi ɗaya cikakke a sake gwadawa. Inda babu wannan hannu, a buga sitata na daƙiƙa goma a huta na rabin minti, har fetur ya iso. Kada a tsiyaya fetur a maƙogwaron kafireta wani yana bugawa, domin inji yana iya yin atishawa wuta ta biyo kwalbar zuwa hannu.

Da injin ya tashi, a bar shi a silo a zagaya da busasshiyar takarda ana dangwala kowane mahaɗi, domin takarda tana nuna jiƙewar da ido ba ya gani. A leƙa maƙogwaron kafireta daga gefe: idan fetur yana ɗiga a silo, ko salansa tana baƙin hayaƙi, turi ya yi yawa ko allurar fulot ba ta rufewa. A auna turin. Idan ya zarce na littafi, a fara tabbatar da farantin hana zafi yana nan, sannan a yi tunanin canza famfon ko sa na'urar rage turi. A saurari gefen injin kuma, domin ƙwanƙwasa mai bin bugun famfo tana nuna hannu bai zauna daidai ba ko ɗan sifirin da ke riƙe shi a kan tozo ya karye.

Idan tsohon famfon ya zubar da fetur cikin inji, a juye baƙin mai a canza filtarsa kafin wannan tayarwar, ba bayanta ba.

A injin dizal, irin na Land Rover mai lita 2.25, famfon jikin inji yana miƙa mai ne ga famfon injekta, kuma ɗaura shi daidai yake da abin da aka bayyana, sai dai dole a fitar da iska bayan an gama. Ana sassauta sukurin fitar da iska na kan filta, a buga hannun famfo har mai ya fito babu kumfa, a ɗaure, sannan a yi haka a kan famfon injekta, idan ta kama ma a sassauta notunan bututun injekta a buga sitata har mai ya tsarto.

Gwaji na gaskiya shi ne a hanya. A fita da motar har ta yi zafi sosai, a hau dogon tudu da ƙafa a kan mai, domin a nan ne inji yake shan fetur mafi yawa kuma a nan ƙarancinsa yake bayyana. Sannan a kashe ta a bar ta minti goma sha biyar a sake tayarwa. Idan ta yi gardama a wannan lokaci alhali da sanyi tana tashi bugu ɗaya, fetur ne yake tafasa a bututu ko a cikin famfo ya zama tururi, kuma famfon faifai ba ya iya tura tururi. Maganinsa a nisanta bututu daga manifol, wato ƙarfen da ke kwashe hayaƙi daga inji zuwa salansa, a sa masa rigar hana zafi, a tabbata bututun mayarwa tanki a buɗe yake idan famfon mai baki uku ne. Bayan tafiyar farko, inji ya huce, a sake bin notuna biyu na jiki da kilif-kilif, domin sabon gasket yakan kwanta idan ya sha zafi, a kuma sake zaro sandar awon baƙin mai a shinshina. Tsohon famfon kuwa, idan mai sukurori ne, a sa masa sabon faifai a naɗe shi da gasket biyu a cikin akwatin kayan aikin motar.